Jariri a Hannu, Yayansa Bai Gama Wayo Ba: Yadda Za Ki Kula da Su Biyun

Idan aka yi haihuwa a gida, hankalin kowa kan koma kan jariri da mai jego. Ana ta barka, ana shirin suna, ana dafa ruwan wanka. Wanda aka fi mantawa da shi a wannan lokaci shi ne yaron da aka yi wa ƙani, mai shekara ɗaya da rabi ko biyu, wanda jiya-jiya yake bayanki. Sau da yawa kuma shi ne ake kawowa asibiti bayan wata biyu ko uku, ya rame, yana gudawa, ko ƙafafunsa sun kumbura.

Wannan bayani naki ne, uwar da ke da jariri da kuma ƙaramin yaro a lokaci guda, musamman a yankin Batsari da Safana, inda matsalar tsaro a ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu ta hana iyalai da dama noma yadda suka saba, ta kuma sa zuwa asibiti da dare ya zama da wuya.

Me ya sa babban yake cikin haɗari?

Sunan da likitoci ke kiran tamowa mai kumburi da shi, wato kwashiyoko, ya fito ne daga harshen Ga na ƙasar Gana, kuma ma'anarsa ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙani. Likita Cicely Williams ce ta shigar da kalmar cikin ilimin likitanci a 1935. Abin da iyayen can suka lura da shi, shi muke gani a nan. An cire yaro daga nono farat ɗaya, an mayar da shi kan koko tsararo da tuwo, sannan uwar da ke lura da cinsa ta shagala da jego.

A wurinmu abin yakan fara tun kafin haihuwa. Da zarar mace ta gane ta yi kwanika, sai a ce ta yaye yaron nan take, wai kada ya sha ciki. A likitance nonon mai ciki ba ya zama guba. Idan cikin lafiyayye ne, kina iya ci gaba da shayarwa, ki ƙara cin abinci. Sai in kina zubar jini, ko kin taɓa yin ɓari ko haihuwar bakwaini, ko an ce tagwaye ne, to ki fara tuntuɓar ma'aikaciyar awo. Gudawa da ramar da ake ɗora wa shan ciki, galibi daga yaye na gaggawa suke zuwa, da abinci marar gina jiki, da ruwa marar tsabta.

Idan za ki yaye, ki yi a hankali cikin makonni: ki rage sau ɗaya a rana, ki maye gurbinsa da abinci. In an kai shi gidan kaka, a gaya mata dalla-dalla abin da zai ci da sau nawa.

Abincin yaro mai shekara 1 zuwa 3

Cikinsa ƙarami ne, ba zai iya jiran a sauke tuwon dare ba. Yana bukatar abinci sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani. Ki zuba masa a kwanonsa shi kaɗai. Idan ya shiga kwano ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma uku sun cinye, ke kuma ba za ki san bai ƙoshi ba.

Rogon Batsari da dankali suna cika ciki, suna ba da ƙarfi, amma su kaɗai ba sa gina jiki. Haka ma koko zalla. Ki riƙa haɗa masa da ɗaya daga cikin waɗannan kullum: wake, ƙuli-ƙuli da aka daka, awara, ƙwai, nono da aka tafasa, garin busasshen kifi. Ki sa zogale, kabewa ko kuka a miya, da ɗan cokali na man gyaɗa ko manja a abincinsa.

Akwai gari mai sauƙin haɗawa: kwano 6 na gero ko dawa, kwano 3 na waken suya, kwano 1 na gyaɗa. A soya kowanne daban, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. A dama da kauri, yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba. Kada a ba yaro ƙasa da shekara 4 gyaɗa ɗai-ɗai, tana iya sarƙe shi.

Ki sa a riƙa auna damtsensa da ɗan tef mai launi a asibiti. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Idan rawaya ne, ya kama hanya. Ki kuma danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa na daƙiƙa uku. In rami ya zauna, kumburin tamowa ne, a kai shi asibiti a ranar. Abincin magani na gyaɗa da ake bayarwa a leda na yaron da aka rubuta wa ne shi kaɗai, ba a raba shi da sauran yara, ba a kai shi kasuwa.

Shi kuma jaririn

A sa shi a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, kada a matse a zubar. Shi ne kariyarsa ta farko daga cututtuka. Daga nan nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ba zuma, ko a tsakiyar zafin bazara. Idan kina shayar da su biyun, jariri ne ke fara sha.

Cibiya ba a gasa ta, ba a sa mata toka ko man goge haƙori. Ki karɓi maganin kulohekzidin na cibiya a asibiti, kuma kada ya taɓa ido. Cire belun wuya wajen wanzami na iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ba shi da amfani ga lafiyar jariri.

Ki garzaya asibiti idan jariri ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, yana numfashi da sauri ko haƙarƙarinsa na lotsawa, yana jijjiga, cibiya ta yi ja ko tana ruwa mai wari, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya. Jariri na iya rikicewa cikin sa'o'i kaɗan. Idan kin ga alama da la'asar, kada ki ce bari mu ga safe.

Tafiya ɗaya, kati biyu

Rigakafin jariri: ranar haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, da wata 15. Duk ranar da za ki kai shi, ki ɗauki katin babban ma. Yara da yawa na rasa allurar ƙyanda ta biyu ta wata 15 saboda lokacin uwar na fama da sabon ciki, ko an yi gudun hijira kati ya ɓata. Ko ya wuce lokaci, ko babu kati, za a yi masa. Ɓarkewar mashaƙo a jihohin Arewa a 2023, har da Katsina, ta fi taɓa yaran da ba su kammala rigakafi ba.

Da damina ana bi gida-gida kowane wata da maganin kariya daga zazzabin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Na kwana uku ne, ki tabbatar an sha na rana ta biyu da ta uku. Ku ukun ku kwana cikin gidan sauro. Ki ajiye gishirin ORS da ƙwayar zinc a ɗaki saboda gudawar dare.

Kishi da rigima

Yaron da ya daina fitsarin kwance zai iya komawa, ya riƙa kuka ba dalili, ya nemi goyo, ko ya mintsini jariri. Ba mugunta ba ce, wurinsa yake nema. Duka na ƙara abin. Ki zaunar da shi kusa da ke lokacin shayarwa, ki aike shi ya miƙo zani, ki yabe shi da "Yaya ya kyauta". Ki ware masa ko minti goma a rana da jariri ba ya hannunki. Kada ki bar su biyu su kaɗai, ko na ɗan shiga banɗaki.

Ki lura da tukunyar ruwan jego. A rufe rijiya da randa. Kananzir da fiya-fiya kada a zuba su a robar lemo, a ɗora inda hannunsa ba ya kai.

Lafiyarki ke ma

Binciken da likitoci suka yi a Zariya tun shekarun 1970 ya danganta ciwon zuciya na bayan haihuwa da yawan kunun kanwa da tsananin zafin jego. Ki sassauta ruwan wanka, ki rage kanwa. Idan kina haki in kin kwanta, ƙafa ta kumbura, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, zazzaɓi ko jini mai yawa, asibiti ne ba jira. Idan baƙin ciki da kuka da rashin barci sun wuce sati biyu, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya. Ciwo ne mai magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, wanda ya yi daidai da shekara biyu na shayarwa da aka ambata a Suratul Baƙara. Shayarwa na hana ciki ne kawai idan jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ku tattauna tazarar haihuwa da maigida kafin arba'in.

Ga maigida

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka ɗauki babban yaron ya ci abinci a gabanka, ka san sau nawa ya ci. Ka ajiye kuɗin mota daban, ka riƙe lambar mai babur ko direba da ka amince da shi, ka san asibiti mafi kusa da ke aiki da dare, ko a cikin garin Batsari ne, ko Safana, ko Dutsin-Ma. Ka kuma ba iyalinka izini tun yanzu cewa in yaro ya rikice ba ka nan, su tafi asibiti ba sai sun jira ka dawo ba.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.