Kalma Ɗaya Da Aka Gane Ta Fi Goma Da Aka Haddace

Mun sha shiga ajin ƙananan yara mu tarar da malami tsaye gaban allo yana faɗar kalma, yara na maimaitawa da ƙarfi har ana jin su daga bakin hanya. Mai wucewa sai ya ce karatu ya kankama. Amma in ka ja yaro ɗaya gefe ka tambaye shi ma'anar abin da ya faɗa, sai ya sunkuyar da kai. To, wannan shi ne karatun aku, kuma illarsa ba ta bayyana sai yaro ya yi nisa a firamare, sa'ad da zai iya haɗa baƙaƙe ya karanta shafi guda sumul, amma ya kasa faɗin abin da shafin ya ƙunsa. Tun a ajin share fage, na 'yan shekara huɗu zuwa shida, ya kamata a yi maganin abin.

Asalin irin wannan aji daga Jamus ne. Wani malami, Firidirik Firobel, ya buɗe wurin wasa da koyon ƙananan yara a garin Bad Bilankenbag a 1837, a 1840 kuma ya raɗa masa suna Kindagatin, watau lambun yara. Nufinsa shi ne a yi renon yaro kamar yadda mai lambu ke renon shuka, ta hanyar wasa da waƙa da taɓa abubuwa da hannu.

Yadda yaro ke cafke kalma

A 1978 wasu masana biyu a Amurka, Susan Kari da Elsa Batlet, sun bayyana wani gwaji da suka yi da 'yan shekara uku zuwa huɗu. Aka ajiye faranti biyu, ɗaya shuɗi, ɗaya mai launin zaitun, wanda yaran ba su san sunansa ba. Malama ta aiki yaro ya kawo mata mai launin kuromiyum, ba shuɗin ba, alhali kuromiyum sunan wani ƙarfe ne. Yara suka kawo farantin da a ke nufi, domin sun san shuɗi, sun gane sabuwar kalmar ta ɗayan ce. Bayan mako guda, wasunsu ba su manta cewa kalmar ta shafi launi ba.

Darasi biyu ke nan. Na farko, yaro ya kan hau kan kalmar da ya sani ya kamo wadda bai sani ba. Na biyu, abin da ya kama a karon farko gefen ma'ana ne kurum. Cikakkiyar ma'ana sai ya yi ta gamuwa da kalmar a wurare dabam-dabam, mako bayan mako.

Haka kuma a 1995 Beti Hat da Tod Risli sun buga sakamakon ziyarar da suka yi ta kai wa gidaje 42 a yankin birnin Kansas, sa'a guda kowane wata, har kimanin shekara biyu da rabi. Suka ƙiyasta cewa kafin shiga makaranta, 'ya'yan masu hali sun ji kalmomi wajen miliyan 30 fiye da 'ya'yan matalauta. Daga baya wasu masana sun yi jayayya da wannan adadi, domin gidajen kaɗan ne, kuma ba a lissafa duk maganar da yaro ke ji daga sauran mutanen gida ba. Duk da haka an yarda da abu guda: yaron da a ke hira da shi, a tambaye shi, a saurari amsarsa, ya kan fi tara kalmomi.

Abin da ya shafi Hausa

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka kuka ta miya da kuka na hawaye, da fari na launi da fari na rashin ruwan sama. Mai karatu ba ya bambanta su sai da ma'anar jimla. Sabo da haka yaron da kalmominsa ba su da yawa zai yi ta tuntuɓe ko da ya san baƙaƙe da wasula sarai.

Ga iyayen da ke tsoron kada Hausa ta hana yaro Turanci, sai mu tuna musu gwajin da Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare, Turanci kuwa darasi ne guda. Ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Yaron da ya san mene ne amana cikin harshensa, suna kawai zai koya mata a wani harshe.

Wace kalma za a zaɓa?

Isabel Bek da abokan aikinta, cikin littafinsu na 2002, sun kasa kalmomi kashi uku. Akwai na yau da kullum, kamar ruwa da akuya, waɗanda yaro ya zo da su daga gida. Akwai na sana'a, kamar ƙoshiya ta masaƙi ko zuga-zugi na maƙeri, waɗanda sai an zo kan batunsu. Sa'an nan akwai na tsakiya, masu yawan fitowa cikin littattafai da maganar manya, kamar tsimi, haɗama, shakka, kaɗaici. A kan waɗannan ya kamata malami ya fi ba da ƙarfi.

Shawararmu ita ce malami ya ɗauki kalma uku ko huɗu daga tatsuniyar mako. In Gizo ya cinye abincin shi kaɗai, sai malami ya dakata ya ce wannan ita ce haɗama, watau mutum ya so ya kwashe duka ko da ya ƙoshi. Yara su faɗi kalmar. Sa'an nan ya fitar da ita daga tatsuniya: yaron da ya cusa ƙosai biyar a baki, da wanda ya ci ɗaya ya ba ƙanensa ɗaya, wanne ya yi haɗama? Kashegari a sake kawo ta wajen rabon alli, jibi a gwama ta da rowa, a ga inda suka bambanta.

Wani darasi kuma ba ya bukatar ko kwabo. A kawo kara da tsohon kasko da zare da takarda. Yara su gani da idonsu cewa kara a ke karyawa, kasko a fasa, zare a tsinka, takarda a yaga. Wata rana a gwada goyo da ratayawa da saɓawa da runguma. Kacici-kacici ma makaranta ce, domin tana sa yaro ya lura da siffar abu kafin ya kama sunansa. Gwaji kuwa ba shi ne yaro ya maimaita bayanin malami ba. A bar shi ya sa kalmar cikin jimlar kansa, ko da ta karkace, malami ya miƙe ta ba da tsawa ba.

Ku kuma iyaye, akawuna da malamai, in kun taso daga aiki, kada ku ce yaro ya cika tambaya. Ku tafi da shi kasuwa ku faɗa masa sunan mudu da tiya da sikeli, ku bar shi ya ba ku labarin abin da ya gani. Da yayyafi kogi kan cika. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.