Florence Allen: Mace Ta Farko Da Ta Zama Joji A Kotun Ɗaukaka Ƙara Ta Tarayyar Amurka

Daga Wakilinmu

A cikin watan Maris na 1934 Shugaban Ƙasar Amurka, Franklin Roosevelt, ya aika wa Majalisar Dattawa sunan wata mace wadda ke dab da cika shekara 50 da haihuwa, yana neman a amince ta zama joji a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya. Majalisa ta amince. Sunanta Florence Ellinwood Allen, kuma kafin ita babu macen da ta taɓa hawa wannan kujera a ƙasar.

Ya kamata masu karatu su san nauyin wannan muƙami. Kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya suna tsakanin ƙananan kotunan tarayya da Kotun Ƙoli, kuma da yake Kotun Ƙoli kaɗan take karɓa daga cikin ƙararrakin da ake kai mata, yawancin shari'u a nan suke ƙarewa. An tura Allen kotun yanki na shida, mai mazauni a birnin Cincinnati, wadda ke duba shari'un jihohi huɗu, watau Ohio da Michigan da Kentucky da Tennessee.

An haife ta ran 23 ga Maris 1884 a Salt Lake City ta Jihar Utah. Mahaifinta, Clarence Allen, ya taɓa koyar da Girkanci da Latin kafin ya shiga aikin ma'adinai da siyasa, shi ne kuma ya fara koya mata waɗannan harsuna tun tana ƙarama. Ta sami digiri a Jami'ar Western Reserve ta birnin Cleveland a 1904, sa'an nan ta tafi Balin ta ƙasar Jamus koyon kiɗan piyano, da nufin ya zama sana'arta. Ciwon jijiya da ya kama hannunta ya raba ta da wannan buri. Da ta komo gida a 1906 sai ta kama aikin rubuta sharhi kan kiɗe-kiɗe a jaridar Plain Dealer ta Cleveland, tana kuma koyarwa.

Sa'ad da ta ƙudura niyyar karanta aikin lauya, jami'ar da ta yaye ta ba ta ɗaukar mata a sashen shari'a. Ba ta tsaya jayayya ba. Ta nufi Jami'ar Chicago ta fara, ta ƙarasa a Jami'ar New York a 1913, aka kuma ba ta izinin aikin lauya a Ohio a 1914. A lokacin nan mata ba su da ikon jefa ƙuri'a a jihar, har sau biyu, a 1912 da 1914, aka nemi ra'ayin maza masu zaɓe suka ƙi. Allen ta shiga fafutukar da ƙafa da baki, tana zagaya garuruwa tana lacca. A 1917 ta tsaya gaban Kotun Ƙolin Ohio tana kare dokar garin East Cleveland wadda ta ba mata ikon zaɓen shugabannin garin, ta kuwa yi nasara. A 1919 aka naɗa ta mataimakiyar mai gabatar da ƙara a gundumar Cuyahoga.

A watan Agusta na 1920 aka yi wa tsarin mulkin Amurka gyara na 19, wanda ya ba mata ikon jefa ƙuri'a a ƙasar duka. A Ohio zaɓen jojin jiha ake yi, ba naɗawa ba. Allen ta tsaya takarar kujerar joji a babbar kotun gunduma a zaɓen Nuwamba, ta fi sauran 'yan takara ƙuri'a. Abokan aikinta maza suka so su ware mata shari'un saki da rigimar aure kaɗai, bisa zaton wannan ne ya dace da mace. Ta ƙi, ta ce a raba aiki yadda aka saba rabawa. Cikin ƙasa da shekara biyu ta saurari shari'u kusan 900. A cikinsu har da ta wani shugaban 'yan ta'adda, Frank Motto, wanda ta yanke wa hukuncin kisa a 1921 duk da wasiƙun barazana da ake aiko mata, da ta William McGannon, tsohon babban jojin kotun birnin Cleveland, wanda aka samu da laifin rantsuwar ƙarya ta tura shi gidan yari.

A 1922 ta nemi kujera a Kotun Ƙolin Ohio ba tare da tutar wata jam'iyya ba. Matan jihar ne suka kafa ƙungiyoyi da sunanta gunduma-gunduma, suka tattara sa hannun da doka ta bukata, suka bi gida-gida. Ta ci zaɓe, ta zama mace ta farko a kotun ƙolin wata jiha a Amurka, aka kuma sāke zaɓenta a 1928 da rata mai yawa. Ba kullum ta yi nasara ba: ta nemi shiga Majalisar Dattawa a 1926 da ta Wakilai a 1932, duka biyun ta sha kaye.

Ke nan da ta isa Cincinnati a 1934, ta riga ta yi shekara 13 tana alƙalanci. Amma wannan bai sa an yi mata maraba ba. Jojin da ta tarar ba su ɓoye rashin jin daɗinsu ba, kuma kulob ɗin da suke zuwa cin abincin rana ba ya karɓar mata, saboda haka sau da yawa a ofis take cin nata ita kaɗai. Amsar da ta ba su ita ce aiki. Yankin kotun ya ƙunshi Detroit, cibiyar ƙera motoci, da Akron, cibiyar yin taya, don haka rigingimu kan wanda ke da haƙƙin wata na'ura da aka ƙirƙiro sun yi yawa. Ana ganin irin wannan shari'a ta fi ƙarfin mace. Ta duƙufa kan zane-zanen injuna da bayanan injiniyoyi har ta ƙware. Ana ba da labarin ranar da ta faɗi ta ji ciwo a fuska, aka ce a ɗage zama, ta ƙi domin lauyoyi sun zo daga nesa, ta zauna da bandeji ta saurare su. Daga nan ne abokan aikin suka fara sassautowa.

Shari'ar da ta fi fito da sunanta ita ce ta Hukumar Kwarin Tennessee, wadda gwamnatin Roosevelt ta kafa a 1933 don gina madatsun ruwa, da hana ambaliya, da samar da wutar lantarki mai araha ga yankin da talauci ya yi wa katutu. Kamfanonin lantarki kusan 20 suka kai ƙara, suna cewa tsarin mulki bai ba gwamnatin tarayya ikon yin gasa da 'yan kasuwa wajen sayar da wuta ba. Allen ce ta shugabanci jojin uku da suka zauna a Chattanooga daga ƙarshen 1937. A Janairun 1938 suka yanke cewa gina madatsun yana cikin ikon gwamnati na kula da hanyoyin ruwa da tsaron ƙasa, kuma tana iya sayar da wutar da aka samu. Kamfanonin suka ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli ta kore su a 1939 bisa hujjar ba su da hurumin kai ƙarar. Aikin ya ci gaba, wuta ta shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganinta ba.

Bayan wannan, duk sa'ad da gurbi ya samu a Kotun Ƙoli sai jaridu da ƙungiyoyin mata su ambaci sunanta. Roosevelt ya naɗa joji takwas a kotun bai zaɓe ta ba. A 1949 gurbi biyu ya samu a zamanin Shugaba Harry Truman. India Edwards, jigo a jam'iyyar Democrat, ta matsa masa ya naɗa Allen, kuma ta ba da labari daga baya cewa Truman ya tuntuɓi Babban Joji Fred Vinson, amsar da ta dawo ita ce jojin ba za su saki jiki su tattauna yadda suka saba ba in da mace a tsakaninsu. Aka ba Tom Clark da Sherman Minton kujerun.

Ba ta yi fushi ta ajiye aiki ba. Ta ci gaba da zama a Cincinnati har ta zama Babbar Jojin kotun a 1958, mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a kotunan tarayya. A 1959 ta sauka daga cikakken aiki bayan shekara 25. Ta wallafa tarihin rayuwarta a 1965, ta rasu ran 12 ga Satumba 1966 a Ohio tana da shekara 82.

Har ta rasu ba a naɗa mace ta biyu a kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya ba. Sai a 1968 aka naɗa Shirley Hufstedler, shekara 34 bayan Allen. Kotun Ƙoli kuwa sai a 1981 ta karɓi mace, sa'ad da Shugaba Ronald Reagan ya naɗa Sandra Day O'Connor. A 2022 mata suka kai huɗu cikin jojinta tara.

Ma'aikacin da ya taɓa ganin an tsallake shi a ƙarin girma ba don gazawarsa ba ya san ɗacin abin da ya sami Allen a 1949. Abin lura shi ne hukunce-hukuncen da ta rubuta suna nan a kundin shari'ar Amurka da sunanta, ɗalibai na karantawa, dalilin da aka bayar na hana ta kujera kuwa yau ba mai iya maimaita shi a bainar jama'a.