Tsutsar wake da tsutsar kifi

Duk macen da ta taɓa buɗe buhun wake bayan wata uku ta san abin. Ranar da aka saye shi tas yake, fari sol, ko huda ɗaya babu. Ashe tun a gona ƙwaro ya yi ƙwai a jikinsa, yana ciki yana cin gari. Shi ya sa uwargida ba ta yarda da ido, sai ta baza shi a tabarma rana ta dake shi.

Ɗanyen kifin teku ma haka yake. Akwai wata tsutsa, Anisakis, fara siririya kamar zaren ɗinki, tsawonta bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Tana naɗe a hanjin kifi, idan ya mutu sai ta kutsa cikin tsoka. A Japan, inda ake yanka kifi ɗanye a ɗora kan shinkafa, an fi ko'ina saninta. Mutum zai ci abincinsa lafiya, bayan 'yan sa'o'i ciki ya murɗa kamar ana huda shi da basilla, ga amai. Tsutsar ce ta kafa kai a bangon tumbi. Sai likita ya zura bututu mai kyamara ta maƙogwaro ya tsinko ta, sau da yawa tana motsi.

A Holan aka fara gano cutar a 1960, wajen masu cin ɗanyen shawa.

Inda kifi ya fi wake wuyar sha'ani shi ne, a wake barkono da toka kan taimaka, a nan kuwa gishiri da lemon tsami da yaji duk ado ne, tsutsar ba ta ko gezau. Sabuntar kifin ma ba kariya ba ce, don sabon kamu shi ne mai tsutsa da ranta. Wuta ce maganinta, har tsakiyar tsoka ta kai digiri 63, ko kuma sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda.

Abin dariya, kifin ƙanƙara da muke rainawa, titus da shawa, suna cikin waɗanda tsutsar ta fi so, amma daskarewar da suka sha kafin su iso kasuwarmu ta gama da ita.

Duk da haka, idan mai gashi ya miƙo maka kifi bayansa ya yi baƙi, ka tsaga shi kusa da ƙaya. In tsokar na sheƙi ba ta warwatsewa, ka ce ya mayar kan wuta.