Man tsirrai na kashe ƙwarin hatsi, amma sai an toshe bakin mazubi

Jihar Gadarif ita ce rumbun Sudan. A yankin Basunda da ke dab da iyakar Habasha, manoma na girbe dawa da riɗi, su zuba a buhu ko a ramin ajiya da ake kira matmura. Daga nan kuma sai fama da ƙwari, musamman ƙwaron kafra, wanda tsutsarsa kan laɓe a tsagar bango fiye da shekara ba ta ci komai ba, tana jiran sabon hatsi.

Maganin da aka saba da shi shi ne ƙwayar fosfin, irin su Phostoxin. Tana aiki, sai dai iskar da take fitarwa na kashe mutum idan aka sa ta a ɗakin kwana, kuma a ƙasashe da dama ƙwarin sun fara jure mata. Shi ya sa masana suka waiwayi mai mai ƙamshi da ake samu daga tsirrai. Ana turara ganyen, a sanyaya tururin, man ya taso saman ruwa.

Kanumfari da itacen turare duk suna da irin wannan mai. Amma wanda ya fi kusa da mu shi ne nobe, ciyawar da 'yan Sudan ke kira maharib. A Jami'ar Lome ta Togo an gwada mansa a kan ƙwaron wake, ya kashe manyan ƙwarin ya kuma hana ƙwai ƙyanƙyashewa. Tsutsar da ta riga ta shige cikin ƙwayar wake ce ta fi wuyar kamuwa.

Matsalar ita ce man yana bin iska da sauri. A buhun da iska ke ratsawa, kwana kaɗan ƙamshin ya gushe, ƙwaro ya dawo. A babban tsibin hatsi kuwa ba ya kaiwa tsakiya. Ga shi da tsada, don kilo 100 na ganye da ƙyar yake ba da lita biyu ko uku.

A ganina, inda ya fi dacewa shi ne ajiyar iri da abincin gida: hatsin da ya bushe sarai, cikin jarka ko ganga mai murfi, a ɗiga man a tsumma a jefa ciki, a toshe. Buhu ɗari na ɗan kasuwa kuwa ya fi ƙarfinsa a yanzu.