Abin da ke sa kifin ado ya tsumbure a akwatin gilashi

A ofisoshi, otal-otal da falon gidaje a manyan biranenmu, akwatin gilashi mai ɗauke da kifayen ado ya zama abin da ido ya saba gani. Masu sayar da su kan faɗa wa mai saye wata magana mai daɗin ji, wai kifi yana girma ne daidai da faɗin mazauninsa, saboda haka ko a ɗan ƙaramin kwano aka ajiye shi babu damuwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin kifin yakan tsaya ƙaramin. Sai dai abin da ya tsayar da shi ciwo ne, irin wanda likitoci ke kira tsumburewa idan ya sami yaro.

Yawancin kifaye ba sa daina girma muddin suna raye, illa dai saurin girman ya ragu idan sun manyanta. Kifin zinariya, wanda aka fara kiwonsa a ƙasar Sin fiye da shekara 1,000 da suka wuce, yana iya kai tsawon santimita 30 idan ya sami wuri da ruwa mai kyau. A shekarar 2021 hukumomin garin Burnsville da ke jihar Minnesota a Amurka sun roƙi jama'a su daina zuba irin waɗannan kifaye a tafki, bayan an kamo wasu da suka zama jibga-jibga. Wani kuma mai suna Tish ya shekara 43 a wani gida a Ingila kafin ya mutu a 1999. Idan aka kwatanta da wanda ke mutuwa a kwano cikin wata shida yana kamar ɗan yatsa, za a ga girman asarar.

Babbar matsalar tana cikin ruwan ne. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta mashaƙarsa da kuma kashinsa, ragowar abinci ma idan ta ruɓe haka take yi. A kogi ruwa na tafiya da wannan guba. A akwati kuwa sai an dogara da wasu ƙwayoyin bakteriya masu zama a na'urar tace ruwa, waɗanda ke mayar da amoniya zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Kafin su yi yawan da za su iya aikin sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida, shi ya sa cika sabon akwati da kifaye a rana ɗaya yake jawo mace-mace. A nan ƙasar akwai ƙarin wahala: idan aka ɗauke wuta na sa'o'i masu yawa, na'urar takan tsaya, iskar oksijin ta ragu, ƙwayoyin su fara mutuwa.

Kifin da ke zaune cikin irin wannan ruwa kullum a takure yake. Jikinsa yana yawaita sinadarin kotisol, wanda ke rage cin abinci da aikin sinadaran girma, sai ƙarfin da ya kamata ya gina tsoka da ƙashi ya tafi wajen neman tsira. Cunkoso yana ƙara dagula lamarin, domin manya kan danne ƙanana a wurin cin abinci. Masu kiwon tarwada sun san wannan sarai, shi ya sa suke tantance kifayensu gwargwadon girma. Masu kiwon karfasa ma sun san yadda take hayayyafa har ta cika kududdufi da ƙanana waɗanda ba sa kai girman kasuwa. Alamomin tsumburewa ba su da wuyar ganewa: idanu su yi wa jiki girma, kai ya fi ƙarfin gangar jiki, launi ya dusashe, wani lokaci ƙashin baya ya lanƙwashe.

Wannan ya bambanta da kifin da Allah Ya halitta ƙarami. A fadamun tsibirin Sumatra na Indunusiya akwai wani da masana suka bayyana a 2006, wanda baligar macensa ba ta kai santimita ɗaya ba, kuma lafiyarsa ƙalau. Haka kifin gofi da niyon tetira, waɗanda ba sa wuce santimita biyar zuwa shida. Su ne suka dace da ƙaramin akwati. Oska kuwa, ɗan asalin kogin Amazon, da filako mai lasar gilashi, ana sayar da su suna ƙanana, alhali kowannensu yana iya kai santimita 30 ko fiye. A ganina, wajibi ne mai shago ya faɗi girman da kifi zai kai tun kafin ya karɓi kuɗi.

Ga wanda ya riga ya saya, gyaran ba shi da tsada sosai. A riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe don kilorin ya fita. Kada a wanke soson na'urar tacewa da sabulu. A ɗauraye shi kawai da ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Abinci kuwa a ba da abin da za su cinye cikin minti biyu. Masu kiwo kan ba da shawarar lita 75 zuwa 100 ga kifin zinariya guda ɗaya. Wanda aka ceto yana ƙarami yakan ci gaba da girma, amma ƙashin bayan da ya riga ya lanƙwashe ba ya miƙewa.