Ciwon Cikin Doki: Abin da Ya Kamata Mai Doki Ya Sani

Duk wanda ya daɗe a barga ya san labarin. Doki ya ci abincinsa da yamma lafiya ƙalau, a wayi gari yana kwance yana burgima, kafin la'asar a ce ya mutu. Ciwon ciki yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe dawakai a duk duniya, kuma mafi yawansa daga hannunmu yake fitowa, wato yadda muke ciyarwa da shayarwa. Abin da mai doki ya yi a sa'o'in farko kuwa, sau da yawa shi ke nuna ko dokin zai tashi.

Duk girman doki, tumbinsa ƙarami ne, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba. Hanjinsa kuwa ya doshi mita 30. Babban hanjin yana lanƙwasa, nan ya yi faɗi can ya tsuke, wani sashensa kuma ba a manne yake da komai ba, yana iya gocewa ko ya murɗe. Sannan doki ba ya iya amai, abin da ya haɗiya hanyar fitarsa ɗaya ce. Allah ya halicce shi ne ya wuni yana kiwo yana tafiya, yana ci kaɗan-kaɗan. Mu kuma mun ɗaure shi a turke, muna jibga masa abinci sau biyu a rana.

Ba a fi ganin illar wannan ba kamar idan sallah ta ƙarato. Saura mako biyu hawa, sai a buɗe wa doki buhun gero da dawa da dusa don ya murje, gashinsa ya yi sheƙi ranar hawan daushe. Niyyar mai kyau ce, amma cikin doki bai san da sallah ba. Hatsin da ya yi yawa yana wuce ƙaramin hanji bai narke ba, ya faɗa babban hanji ya yi tsami, ya tara iska, ya kashe ƙananan halittun da ke narkar da ciyawa. Daga nan sai kumburin ciki, ko ciwon kofato, inda za ka ga doki ya ja jikinsa baya yana gudun taka ƙafafun gaba. Duk canjin abinci a yi shi sannu a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. Ciyawa da harawa su ne tushen abincinsa: doki mai nauyin kilo 350 yana bukatar kilo 5 zuwa 7 a rana. Hatsi ƙari ne, a rarraba shi, kada ci ɗaya ya wuce kamar kilo ɗaya da rabi.

Sai ruwa. Doki yana shan lita 25 zuwa 50 a rana, da bazara fiye da haka. Da hunturu shansa yana raguwa, ga harawa ta bushe ƙayau, sai kashi ya sandare a hanji. Zuba abinci a ƙasa yana sa ya riƙa haɗiyar rairayi har ya taru. Leda, guntun igiya, harawa mai fumfuna, tsutsar ciki da haƙoran da suka yi kaifi har ba ya tauna sosai, duk suna kaiwa ga matsala guda.

Alamun farko ba su da hayaniya. Doki zai ƙi abinci, ya riƙa kartar ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen kuiɓinsa, ya kwanta ya tashi, kashinsa ya ragu ko ya ɗauke. Yakan kuma miƙe jiki kamar zai yi fitsari amma bai yi ba, shi ya sa da yawa ke cewa fitsari ne ya riƙe shi, a nemo allurar sa fitsari. Kusan kullum hanji ne ke ciwo, allurar kuwa sai ta ƙara tsotse ɗan ruwan da ya rage a jikinsa.

Akwai abin da kowa zai iya dubawa kafin likita ya iso. Ɗora tafin hannu a ƙirjinsa ta hagu, daidai bayan ƙafar gaba, ka ƙirga bugun zuciya na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. Lafiyayyen doki da ke hutawa yana yin 28 zuwa 44 a minti. Idan ya haura 60, lamarin ya yi tsanani. Ɗaga leɓensa ka danna dasashi da yatsa: ya yi fari, sannan launinsa ya dawo cikin daƙiƙa 2. Idan ya bushe, ko ya yi jawur, ko ya soma shuɗi, akwai hatsari. Kara kunnenka a kuiɓinsa. Ƙugin ciki albishir ne, shirun ne abin tsoro. Ka kwashe abinci daga gabansa, ka ɗan zaga da shi a hankali idan yana iya tafiya, ka kira likitan dabbobi ka karanta masa abin da ka gani.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗura. Mutum uku su ɗage kan doki sama, a cusa kwalba ta gefen baki, a tuttula man gyaɗa ko jiƙon kanwa, yana fizga yana tari. Wasu ma ta hanci suke zubawa. Kaɗan daga man nan ya kauce zuwa huhu, to ko cikin ya lafa, ciwon huhu na iya kashe shi bayan kwanaki. Likita yana zura tiyo ne ta hanci har tumbi, kuma kafin ya zuba komai sai ya duba ko ruwa ya taru a ciki, domin tumbin da ya cika, tunda ba amai, fashewa yake yi. Haka allurar kashe zafi irin flunixin: magani ne mai kyau a hannun likita, amma idan aka yi ta maimaita ta a gida, tana ɓoye ciwon ne alhali hanji na mutuwa, kuma yin ta a tsoka yana iya ruɓar da wurin. Hawan doki a yi sukuwa da shi wai don cikin ya motsa, ko yi masa lalas, azaba ce a kan azaba.

Kusan tara cikin goma na ciwon ciki suna warkewa da magani da ƙarin ruwa, ba tare da an tsaga ba, musamman idan an kama shi da wuri. Ragowar su ne masu wuyar shawara. Idan zafi yana dawowa bayan allura, bugun zuciya na hawa, ciki na kumbura, mai yiwuwa hanji ya murɗe, kuma tiyata ce kaɗai mafita. Aiki ne mai tsada da ke bukatar kayan aiki da ƙwararru. Asibitocin koyar da likitancin dabbobi na jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri wurare ne na neman shawara, kuma jinkirin sa'o'i kaɗan yana iya rufe ƙofar. Idan likita ya tabbatar babu sauran fata, barin doki ya kwana yana dukan ƙasa da kai ba ƙauna ba ce. Amana ce a hannunmu, a bar likita ya hutar da shi, ko da zuciya ba ta so.

Mai doki, kada ka jira sai ranar ta zo. Yau da dokinka yake lafiya, ka ƙirga bugun zuciyarsa ka rubuta, ka koya wa yaron barga yadda ake yi, kuma lambar likitan dabbobi ta kasance a wayarka da tasa.