LAKSTON: GANDUN DA YA ƘI BIN ZAMANI

A lardin Notingham na ƙasar Ingila akwai wani ƙauye mai suna Lakston, wanda har wa yau manomansa ke bin tsarin da aka gada tun zamanin sarakunan gandu.

Bayan da Sarki Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi cikin 1066, sai ya raba ƙasar ga jarumawansa. Sunan Lakston ya fito cikin babban littafin ƙidayar dukiya na 1086. Ubangidan gandu shi ne wuƙa shi ne nama. Talakawa su yi masa noma, su biya haya, shi kuwa ya yi musu shari'a a kotunsa.

An kasa ƙasar noma gida uku, ba shinge. Kowane magidanci yana da 'yan gonaki dogaye, warwatse cikinsu, don kada wani ya kwashe wuri mai albarka shi kaɗai. Fili ɗaya a shuka alkama, na biyu sha'ir ko wake, na uku a bar shi ya huta, baɗi kuma a juya.

Cikin 1635 wani attajirin Landan, Sir William Courten, ya sa aka zana taswirar gandun, ta nuna irin gonakin nan fiye da 2,000. A 1640 gandun ya koma hannun zuriyar Pierrepont. Daga baya masu ƙasa a ko'ina cikin Ingila suka yi ta haɗe gonaki suna shingewa, ƙananan manoma da yawa suka rasa makiyaya, amma Lakston ta tsira da filayenta uku.

Ma'aikatar Aikin Gona ta saye shi a 1952. Da gwamnati ta tashi sayarwa sai hankali ya tashi, don mai saye yana iya rushe tsarin. Hukumar kadarorin Sarauta ta karɓe shi a 1981, sa'an nan a 2020 ya koma gidan Thoresby, magadan Pierrepont.

Dokar 1977 ta ƙwace ikon shari'a daga yawancin kotunan gandu, amma ta bar na Lakston. Kusa da ƙarshen kowace shekara masu duba iyaka su kan zaga fili ɗaya suna kafa turaku. Wanda ya ci iyakar maƙwabcinsa kuwa, kotu ta zauna ta ci shi tara.